Lamba Arba'in da Ɗaya

A Kalamazoo na koyi son abin da ban gada ba:
maza bisa wuƙaƙe suna tsaga ƙanƙara,
suna korar baƙin faifai da bai cika tafin hannu ba.

Daga layi na uku nake ƙirga
abin da ya rage wa Bultema.
Haƙora huɗu sun tafi tun ban zo ƙasar ba.
Gwiwar hagu, sau uku ana buɗe ta.
Kafaɗa kuwa ƙusa ke riƙe da ita
kamar ƙyauren tsohon shago.

Shekara talatin da takwas.
Yaran da ke wuce shi fuu
da hotonsa a bangon ɗaki suka girma.
Na bayana yana ihu, "Tsoho, je ka huta!"
Bara da sunansa yake rantsuwa.

Gudu ya ƙare, saura sanin hanya.
Ba ya bin faifai,
inda zai ɓullo yake zuwa ya tsaya,
kamar mai tarbar baƙo a tasha.

Ran Asabar suka haɗa shi da bango.
Zaure ya yi tsit.
Ya miƙe. Ya tofa ja a kan fari.
Muka ɓarke da tafi, har da ni,
tafin nan kuwa ya bi ni har gida.

Da safe na gan shi a kantin magani.
Igiyar takalmin 'yarsa ta kwance.
Ya dubi ƙasa, ya daɗe,
kamar mai leƙen rijiya,
sannan ya ce, "Ɗora ƙafar kan kujera."

Tikitin Juma'a yana aljihuna.
Na taɓa shi. Ban yaga ba.