Takalmi Ɗaya

Daga Damagaram na taso, kwana biyu a hanya,
da jaka guda, da butar shayi, da takardar ƙungiya
mai cewa: Bukuru, gidan yara, wata shida, ba albashi.
Ba wanda ya faɗa mini sanyin Jos yana da haƙora.

Mama Kangyang ta tarbe ni a bakin ƙofa
da rigar sanyin wata da ta riga ni tafiya,
hannun ya yi mini tsawo, na naɗe shi sau biyu.
Ta ce, "Su ashirin da bakwai ne.
Ki ƙirga da safe, ki ƙirga da dare,
kuma kada ki goya ɗaya
fiye da yadda za ki iya goya saura."
Na ce to.
Baki ne ya amsa, ba a tambayi baya ba.

Sun yi mini dariya har da faɗuwa
ran da na ce lakwal, suka ce makaranta,
na ce belo, suka ce keke, Anti Cima, keke!
Ruwa ɗaya muke sha, guga ne daban.
Na koyi dama gwaten acca kada ya kama,
na san mai tsoron tsawa, na san mai jiƙa katifa,
na san mai ɓoye dankali a ƙarƙashin matashi
don yunwar bara ba ta sallame shi ba.
Da asuba ina sallata kusa da kwandon wanki,
Chundung tana durƙushe can tana tata addu'ar,
mu haɗu a murhu, ashana ɗaya ta ishe mu.

Dalyop, shekara shida, giɓi a gaba,
bai taɓa tambayar garinmu ba.
Ran farko ya ce, "Ke yaushe za ki tafi?"
Ya ja ni bayan ɗakin girki, ya nuna bango,
mutanen gawayi a jere, ƙafafu kamar tsinke.
"Wannan Baturiya ce, ta bar mini hula.
Wannan ɗan Gana ne, ya ce zai dawo."
A ƙarshen layi ya bar fili
daidai faɗin tafin hannu.

Daren Agusta, ƙanƙara na jifan kwano,
jikinsa ya yi zafi kamar kaskon tuya.
Ba wuta, ba mota, direba ya kashe waya.
Na ɗaura zani, na goye shi har asibiti,
numfashinsa yana dafa mini wuya,
ina ƙirga taku da Hausar garinmu,
ashirin da shida suna barci a bayana
ban ƙirga su ba.

Daga ranar ya daina kallon bango.
Ni na fara.

Mu dai mukan zo da hannu biyu,
mu ɗauki hoto, mu ɗauki lada, mu ɗauki jaka.
Su ake bari da gawayi.

Safiyar tafiya takalmina ɗaya ya ɓata.
An ɗaga katifu, an leƙa randa, an zargi kare.
Mama Kangyang ba ta motsa daga kujera ba,
ta ce, "Bari su nema.
Ban taɓa sallamar baƙo da kayansa cikakku ba."
Na shiga ɗakin ajiya ɗaukar butata,
sai ga igiyarsa tana leƙe daga buhun dankali,
ga Dalyop zaune a kan buhun
yana kallon rufi kamar mai lissafin kwano.

Na ɗauki buta.
Na ce, "Ban gan shi ba."

Yanzu ina tashar Hanyar Bauci, motar Kano ba ta cika ba,
silifas ɗin Mama a ƙafata, sun fi ni girma,
ɗayan takalmin yana jaka, a kan fasfo.
Yaron mota na kira, saura mutum ɗaya, saura mutum ɗaya,
ni kuwa leɓena na motsi tun ɗazu,
na kai ashirin da bakwai, na sake farawa.