Masauki Biyu

Duk bayan daƙiƙa sittin
wayoyin nan kan yi sallama a ƙofar sabar:
"Ina nan, rubuta ni."
Ita kuwa ta ce, "Na ji, zauna."
Gaisuwar da ba mai saurare sai ni,
ni da kofin shayina,
a ɗakin na'ura bayan Ƙofar Ƙaura.

Ranar da na ce a kafa wata a Daura,
Alhaji Nalado ya dubi lissafi, ya dube ni:
"Tasi'u, wa ke sayen jaki biyu
alhali mangalarsa ɗaya?"
Na ce ba a fafe gora ranar tafiya.
Sai da wata uku ya shige ya sa hannu.

Daren Laraba, tsakiyar damina,
hadari ya taso ta wajen Jibiya.
Wuta ta ɗauke.
Janareta ya yi tari biyu, ya haƙura.
Ruwa ya leƙo ta ƙarƙashin ƙofa ba sallama,
korayen fitilu suka rufe ido ɗaya bayan ɗaya.

Wayoyi ɗari da arba'in suka ƙwanƙwasa.
Shiru.
Suka sake. Shiru.
Ba wadda ta zauna jiran mai gida,
don kowace na ɗauke da adireshi na biyu
kamar kuɗin mota a ƙulle bakin zane.
Suka juya gabas,
suka wuce Shargalle ba ko ƙura,
suka iske Daura a bushe, ƙofa a buɗe.

Ina tsaye, wando a naɗe, salula a hannu,
ina ƙirga masu isa:
tara,
sittin da biyu,
ɗari da talatin da tara.

Cikinsu har wayar asibitin Mashi,
inda Murja ungozoma ta ɗaga kan waya
ƙarfe biyu da kwata, tana neman likita.
Ya amsa a ƙara ta uku.
Ba ta san muryarta ta yi zagaye ba.

Da safe Alhaji ya shigo yana karkaɗe lema:
"Ka gani? Ba abin da ya faru."
Na ce haka ne, ranka ya daɗe.

Ɗayar da ba ta isa ba
tawa ce, ta kan tebur, ta sha ruwa.
Na kifa ta a taga, ko rana za ta yi mata wani abu.