Mai Tura Tsoro

Rumfata tana bakin Kasuwar Dole,
tsakanin mai gyaran agogo da mai kilishi.
Dala ashirin, in cika maka salula da tsoro.
Na kasa shi kashi-kashi, kamar mai tumatir.

Lawali mahauci na jini yake so:
gatari, zarto, ƙato mai rufaffiyar fuska.
Wai yana kallo ne don ya kama su da ƙarya,
jinin gaske ba ya ja haka,
kuma ba ya jiran kowa ya gama ihu.

Cima, mai aikin dare a asibiti,
na fatalwa take nema,
matar da ta mutu ba ta san ta mutu ba,
tana ta sharar ɗakin da aka riga aka sayar.
Ban taɓa tambayarta dalili ba.

Yaran lakwal sai na matattu masu tafiya,
rabin gari ya tashi yana cin rabi.
Suna dariya, suna ƙirga gawa,
ana kiran magariba kowa ya nemi ɗan rakiya.

Akwai na gida mai numfashi.
Akwai na maita, ƙwarya da baƙin zakara.
Akwai na abin da ya faɗo daga sama,
wannan ba ya ciniki a nan:
mu abin da ke sama roƙonsa muke ya faɗo.

Sai tsoho Ari, ran Alhamis, kasuwa na watsewa.
Ya ce, “Ba ni wanda babu dodo a ciki.”
Na ce, “Baba, to me zai firgita ka?”
Ya ce, “Wanda mutum zai koma gida
ya tarar da komai inda ya bar shi,
buta, tabarma, matarsa tana tankaɗe,
ta ɗago kai, cikin ladabi,
ta ce, bawan Allah, wa kake nema?”
Na duba, na sake dubawa. Ba ni da shi.
Ya ajiye dala ashirin ɗinsa a kan tebur, ya tafi.

An ɗauke wuta tun la'asar.
Na bi ta Birni, duwatsu sun gurfana cikin duhu
kamar raƙuman da ayari ya manta.
Na kalli fim ya fi ɗari huɗu,
ba wanda ya taɓa hana ni barci.
Famfon unguwarmu yana huci, babu ruwa,
jarkoki a jere, babu masu su.

Ga ƙofarmu. Ga takalman yara.
Ina jin Barira daga ciki, tana tankaɗe.
Na tsaya a zaure da sallama a bakina,
kuɗin tsohon suna sanyi a aljihuna.

Har yanzu ban shiga ba.