Zinaren da Ake Ɓarewa

Kwana tara ke nan muna bisa hanya
cikin tsohuwar motar burodi da na mayar ɗaki:
katifa biyu, risho, jarkar ruwa,
da labulen da Lantana ta ɗinka da tsohon zaninta.
Daga Kontagora muka taso.
Baffa Jatau ne ya ce, kafin yanar ido ta gama rufe shi,
a kai shi ya ga inda ya sayar da ƙuruciyarsa.

Mun shigo ta Na'ibawa da hantsi.
Wani ɗan adaidaita ya leƙo tagarmu,
"Alhaji, gida ne ko mota?"
Na ce duka biyun, kuma ba na biyan haya.

A Ƙofar Mazugal na taka birki.
Baffa ya sauko, sanda a gaba, ni a baya,
ya tsaya yana duban sama,
saman kuwa ba kowa sai shirwa guda.
"Nan," ya ce. "Nan dalar gyaɗa ta tsaya.
Buhu kan buhu, in ka ɗaga kai sai hularka ta faɗi."
Yara na buga ƙwallo a gefe,
silifa biyu ne ragarsu.

Ya ce shekarar da labari ya kai ƙauyensu
cewa gyaɗa ta zama zinare a Kano,
tsofaffi da awaki kaɗai aka bar wa gari.
Wasu a jaki, wasu a akori-kura, shi a ƙasa,
da sule biyu ƙulle a mazagin wando.
Masu awo, 'yan baranda, 'yan dako, masu tuwo,
kowa ya tara ƙoƙonsa, ruwan kuɗi na zuba.
Wani ya zo da tsumma, ya koma da keke da rediyo.
Wani ya zo da keken.
Baffa bai ƙarasa wannan ba.

"Kai fa, me ka samu?" in ji Tasalla, 'yata,
tana ɗaukarsa hoto da waya.
Ya kamo hannunta ya ɗora a ƙeyarsa,
inda fata ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi.
"Ga rabona.
Ban kai shi banki ba, bai kuma ɓata ba."

Bayan tashar jirgi mun tarar da wani tsohon layin dogo,
tunkiya na kiwo tsakanin ƙarafunsa.
A Kantin Kwari ya nemi shagon Kwaran da ke biyansu ran Asabar,
sai atamfa da leshi har rufi.
Yaron shagon bai taɓa jin sunan ba,
amma ya ba shi kujera, ya ba shi ruwa mai sanyi.

A Kurmi Lantana ta ga zinare na gaske.
Aka ɗora 'yan kunne kan sikelin da bai fi tafin hannu ba,
ta ji kuɗin, ta ajiye su a hankali kamar ƙwai.
Baffa ya yi dariya har da tari:
"Namu sikelin, ƙato uku ke jansa."

Da magariba muka faka a gindin Dala,
mai gadi ya karɓi ɗari biyar, ya ce mu kwana lafiya.
Wata tsohuwa ta zo da farantin dafaffiyar gyaɗa.
Baffa ya sayi gwangwani guda,
ya yi ciniki kamar mai sayen tan goma,
alhali haƙora huɗu suka rage masa.
Ya ɓare, ya ɓare, yana miƙa wa Tasalla,
har barci ya kwashe shi a zaune.

Gobe sai Gashuwa, in taya ta yarda.
Lantana ta ɗauko tsintsiya za ta share ɓawon,
na ce ta bari tukuna.
Ya tara shi ne a bakin katifa,
ɗaya kan ɗaya,
mai faɗi a ƙasa, mai tsini a sama.