Minti Ukun Farko

Mu bakwai ne a gindin bedi, bayan ajin da aka kulle,
da kaye ɗaya, da bik mai tsiyaya,
da jikka tara a cikin safar Lawali.
Mushe ya riga ya gargaɗe mu:
minti ukun farko su ne fim,
in ba a yi dariya ba, kowa zai koma latsa waya.

Tsahiru, wanda ya naɗa kansa darakta shekaranjiya,
ya ce a buɗe daga sama:
Maradi gaba ɗaya,
gulbi kwance kamar zanen da aka shanya aka manta,
kwanon rufi na walƙiya, shirwa na kewaya.
Muka ce, da wace na'ura?
Ya ɗaga kai ya dubi benen Alhaji Na-Allah.
Muka tuna masa da karen gidan.
Aka soke sama.

Cima ta ce su yi karo a bakin kasuwa,
tumatir ya watse, ido ya faɗa cikin ido.
Lawali ya dafe safarsa:
kwando nawa ke nan, in sai an maimaita sau biyar?
A sa albasa, ita ba ta fashewa.
Soyayya da albasa? in ji Cima.
To, ba ga hawaye kyauta ba?

Na rubuta albasa. Na ja mata layi. Na soke.

Jarumin namu Hamisu tsoron kabu-kabu yake.
Jaruma Saratu ta ce ba ta gudu a titi,
kawunta na da shago a Sabon Gari,
kuma abin da aka yi da hantsi
kan riga mutum isa gida.

Haka muka ci rana.
Inuwa ta matsa, muka ja benci muka bi ta.
Tun asuba babu kuran,
wayata, wadda ita ce kyamara, tana haki.

Sai fankar ɗakin mai gadi ta yi tari,
ta juya sau ɗaya, ta kama.

Wurin caji ɗaya tak ke ɗakin nan, kowa ya sani.
Na zabura, takalmi ɗaya ya tsaya a baya.
A bakin ƙofa kafaɗata ta bugi ta Shapi'u,
mai ɗaukar sauti,
wanda tun safe bai ce uffan ba,
yana ta ɗaure makirfo a sandar tsintsiya.

Nawa ya rage miki?
Huɗu.
Ni uku.
Ƙarya, nuna.
Ya yi jim, ya juyo da fuskar wayar.
Tamanin da ɗaya.

To me ya kawo ka da gudu?
Ya dubi fanka, ya dubi tabarmar mai gadi,
ya dubi ƙafata marar takalmi.
Na ga kin ruga, Barira.

Mai gadi ya ajiye kofin shayinsa, ya ce, ikon Allah.

Da na waiga, ga su jere a taga.
Tsahiru ya haɗa yatsu huɗu yana leƙenmu ta ciki,
Cima ta toshe baki da gyale, kafaɗa na rawa,
Lawali ya ce, wannan bai ci ko dala ba.

Yanzu dare ne, na kwafe shi tsaf a kaye.
Ciki. Rana. Ɗakin mai gadi.
Fanka ta yi tari. Takalmi ɗaya a tsakar fili.
Mai gadi ya yarda ya fito a kansa,
in za a saya masa sukari.

Gobe da bakwai Hamisu zai ce, na ga kin ruga,
zai faɗa da ƙarfi, za a ce ya sake.
Shapi'u na tsaye da sandar tsintsiya bisa kawunansu,
maganarsa na dawo masa ta kunne.
Ni aikina riƙe kyamara.
Na roƙi Cima ta tsaya kusa,
ko da hannuna zai yi rawa.