Tarwaɗar Kawu Alcide

Daren Asabar a Luwiziyana, ruwa na dukan kwano,
mun jawo doguwar kujera gaban talabijin.
Inna Odile ta yi gugguru a tukunyar nan mai hannu ɗaya.
Kaset ɗin ya tsufa, sai an hura masa iska,
an ɗan mare shi a gefe,
kafin ya yarda ya shiga.

Ga kogi baƙi ƙirin. Ga masunci a kwalekwale
yana zuƙar taba, bai san an rubuta masa ajali
a minti na bakwai ba.
Mu mun sani. Shekara talatin ke nan da muka sani.
"Waiwaya mana, sakarai!" in ji Inna, baki cike.
Bai taɓa waiwayawa ba.

Sai ta taso.
Tarwaɗa, wai ta kai motar bas.
Gashin bakinta tiyon ban-ruwan lambu ne,
idanunta fitilun tsohuwar akori-kura,
ɗaya ya mutu tun ranar farko
kuma babu kuɗin sayen wani.
Fatarta tamfol ce da aka shafe da baƙin mai.
In ka zuba ido wajen wutsiya
za ka hangi zif.

Jinin, miyar tumatir ce, har da 'ya'yanta.
Ɗan sandan da ta haɗiye da safe
shi ne likitan da ya iso da yamma, an liƙa masa gemu.
Garin da ta rushe na kwali ne,
hasumiyar coci ta faɗi, ta yi tsalle, ta sake faɗuwa.
Wata mata ta kurma ihu,
ihun ya iso bayan ta rufe baki.
Remy ya ƙware da lemo don dariya,
sai da aka bubbuga masa baya.

Na ga na zamani, waɗanda kwamfuta ta haifa,
sumul-sumul, kowane haƙori da inuwarsa.
Ba su taɓa tsorata ni ba,
don babu wanda ke gumi a cikinsu.

Amma yi shiru. Ga wurin nan tafe.
Dubi can ƙasa, gefen hagu,
daidai lokacin da ta hau gaɓa:
takalman roba guda biyu
na tafiya a ƙarƙashin cikinta.
Ƙafafun Kawu Alcide ke nan.
Dala goma sha biyu a yini, da abincin rana,
kwana tara a cikin kifi, a zafin Agusta,
sauro na cinsa, shi yana cin mutanen gari.
Ya ce da kuɗin ya sayi zoben Inna,
Inna ta ce ƙarya ne, injin kwalekwale ya saya.

Bara muka binne shi a bayan coci.
Ba shi da hoto mai motsi a duniya sai wannan.
Ba fuska, ba murya,
sunansa ma a ƙarshe an rubuta shi ba daidai ba.
Daƙiƙa huɗu na takalmi,
na hagu yana ɗan jan ƙasa
tun faɗuwar da ya yi a jirgin jatan lande.

"Mayar baya," in ji Inna.
Na mayar.
"Sake."
Wurin har ya fara cinyewa,
fararen layuka na ratsa shi kamar ruwan da ke waje.
Ba wanda ya taɓa gugguru.

Can gaba jarumi zai ɗauko nakiya,
ya gyara hula, ya faɗi maganar da muka haddace.
Mun san sauran: wuta, hayaƙi, tamfol a sama.
Inna ta miƙe da ƙyar, ta dafa gwiwa,
ta danna maɓalli tun bai kunna ashana ba.

"Ba a gidana ba," ta ce.
Allo ya yi shuɗi.
Tarwaɗa na nan da ranta, da ido ɗaya,
ta nufi gari, tana ɗingishi.