Kwalbar da ta zo daga Jidda

Ikhlas ta aiko mini da kwalba daga Jidda,
'yar mitsitsiya, ba ta kai finjalin gahawa ba.
Ta ce a waya, "Inna, da dare kawai,
ɗan kaɗan, kamar ƙwayar wake,
kuma ki guji rana."

In guji rana? A Maiwurno?
Ni da ita muka tsinci auduga a Jazira,
shekara talatin tana zaune a ƙeyata,
ba ta taɓa neman izini ba.

Makon farko fuskata ta ɗauki yaji
kamar na daka barkono na share gumi.
Sai saɓa, sai ɓarewa,
tamkar yaɓen bangon da damina ta daka.
Tasalla ta leƙo ta katanga:
"Wa ya aike ki? Mu da dilka ta raina?"

Da gaskiyarta.
Hannuwan nan sun cuɗa garin dawa da sandal,
sun kifa tukunya bisa hayaƙi kwana uku,
sun murje bayan mata har ya yi sheƙi.
Sai dai dilka dattin jiya take kwashewa,
ba ta san hanyar shekaru ba.

Na daure. Na ja lafaya ta rufe goshi
in zan fita sayen man riɗi.

Wata na uku, bayan asuba,
na shafa kuncina, na ji baƙuwa.
Laushi.
Baƙin tabon da cikin Ikhlas ya bar mini
ya dushe kamar rubutun tsohon buhu.
Ƙananan layukan gefen ido sun ɗan kwanta,
irin kwanciyar kogi bayan iska.

Amma biyun nan da ke tsakanin gira,
waɗanda suka zo daren da kwalekwalen Ɗahiru
ya dawo gaɓa ba Ɗahiru,
ko gezau.
Na ba su man, sun sha,
sun ce an gode, muna nan.

Yanzu kwalbar ta ƙare.
Allurai nake ajiyewa ciki, da maɓalli biyu.
Jiya ta kira: "In ƙara aiko miki?"
Na ce ƙaro, yana aiki,
amma kada ki ba direba wannan karon.
Sa a jakarki, ki taho da shi.
Akwai wurin da yatsana ba ya kaiwa.